Bindigar Katako da Hannun Hagun Babanku

Godiya, ke da ƙanenki Ishaku kun taso kuna ji ana kirana Maman Godiya mai bindiga, kuma na san a makaranta an sha tsokanarku cewa uwarku ta taɓa ƙera makami a ɗaki. Wani ma ya ce muku har kama ni aka yi. Babanku in kun tambaye shi dariya kawai yake yi, shi ya sa kowa ke ƙara wa labarin gishiri yadda ya ga dama. To yau ga shi daga bakina. Karatuna bai yi nisa ba, kun sani, in kun ga kuskure ku gyara a zuci. Abin da ake magana a kai shi ne wannan rawayan katakon da ke rataye a bayan ƙofar ɗakinmu, wanda Ishaku ya taɓa saukowa da shi ya kori kaji. Ba ta da rami, ba ta da kunama, ba ta taɓa kashe ko ƙuda ba. Amma ita ta sa kuka girma a gaban babanku.

A waccan shekarar muna gidan haya a Mando, ɗaki ɗaya da ɗan baranda, ke Godiya kina rarrafe. Babanku ƙaramin soja ne, ba igiya ko ɗaya a kafaɗarsa. Sai aka ɗauke shi cikin waɗanda za a horar su zama gwanayen harbi. Sharaɗin a fili yake: wanda ya ci jarrabawar ƙarshe zai zauna a Kaduna yana taya koyar da sababbin kurata, wanda ya faɗi kuma zai koma cikin rukuninsu, rukunin kuwa ana shirin kwashe su zuwa wani daji mai nisa inda ba a zuwa da mata. Kakarku, Mama, ta riga ta aiko da saƙo daga ƙauye cewa in ya tafi, ni da jinjira mu koma wurinta a can kudancin Kaduna, ga gonar citta tana jiran hannu. Ni ba noma nake gudu ba, a cikinsa na tashi. Abin da nake tsoro shi ne irin zaman matan da na gani, kullum waya a hannu, ƙara kaɗan gabansu ya faɗi. Ni kuwa dama Allah ya yi ni da fargaba. In kina barci sai na kai yatsa hancinki na ji numfashi. In babur ya tsaya a ƙofar gida da wani irin birki, sai na ajiye abin da ke hannuna. Yanzu a ce mai irin zuciyata ta zauna shekara tana jiran labari daga daji?

An yi musu gwajin farko, babanku ya zo can ƙasa. Aka yi na biyu, bai canja ba. Ranar ya shigo ko takalmi bai cire ba, ya zauna bakin gado. Na ajiye masa tuwo da miyar karkashi, ya zuba wa kwanon ido.

“Baban Godiya, ka ci mana kafin ya huce.”

“Rifkatu, ki fara haɗa kayanki a hankali. Ba na son ranar ta zo muna gaggawa.”

“Wane kaya? Ai saura gwaji ɗaya.”

“Saura ɗaya, amma abin ba ya zama a hannuna. Ɗan lokaci ake ba mu a filin harbi, a karɓe a mayar ma'ajiya. Kafin hannuna ya saba, an busa usur. Sajan Audu mai koyar da mu ya ce kowa ya nemi abu mai nauyi ya riƙa riƙo a gida. To ni me zan riƙa?”

Washegari na dawo daga famfo na tarar da mutumin da na aura kwance rub da ciki a tsakar gida, ya tokare taɓaryata a kafaɗa yana saitin tukunyar maƙwabciya. Matan gidan sun taru a bakin madafa suna ƙunshe dariya, wata ta ce, “Oga, don Allah kar ka harbe mana wake, bai nuna ba.” Ya yi murmushi, amma na ga kunya a fuskarsa. Na kuma ga abin da su ba su gani ba: taɓaryar mulmulalliya ce, tana juyawa a tafinsa, ba inda zai ɗora kunci, nauyinta duk ya tafi baki biyu. Ba abin da zai koya a jikinta sai ciwon hannu. A wurin na yanke shawara. Ba mu da halin sayen irin kayan koyon da ake cewa ana kawowa daga waje, ko sunansu ban sani ba. Amma muna da tsohon ƙyauren maɗaci da mai gida ya jingine a bayan bayi tun kafin mu tare, kuma na san kafinta.

Malam Habu ke nan, wanda ya yi mana gadon aure. Rumfarsa na Rafin Guza, kusa da gidan yayata. Dattijo ne mai tsawo, kullum fensir a maƙale a hularsa, ba ya fara aiki sai ya yi wa katako magana. Na goya ki, na shiga napep, na same shi yana gyaran kujerar makaranta. Bayan mun gaisa na faɗa masa abin da ya kawo ni, muryata ƙasa-ƙasa. Ya ajiye zarto.

“Matar soja, so kike a rufe ni da tsufana? Ni kujera nake yi da akwatin amarya. Bindiga ba sana'ata ba ce.”

“Baba, ba bindiga ba ce. Siffarta kawai da nauyinta. Ba rami, ba komai. Kamar allon da ake ba yaro kafin littafi.”

“Allo kuma? Ke dai kin iya zance.” Ya dube ki a bayana, kina tsotsar bakin zanena. “In ya faɗi tafiya zai yi?”

“Tafiya zai yi, Baba.”

Ya daɗe yana sosa gemu. Sai ya kafa sharaɗi biyu. Na farko, babanku ya zo da kansa cikin kaki, su je wurin mai unguwa tare a faɗa masa abin da za a yi, don kar gobe wani ya leƙo rumfa ya kai rahoto. Na biyu, shi zai zaɓi launin fenti, kuma ba musu. Duk muka yarda. Mai unguwa ya saurare su, ya ce in an gama a kawo ya gani da idonsa. Kun ji ke nan maganar kamun da ake yi: ba wanda ya kama kowa, shayi ma aka ba babanku.

Yadda aka haɗa ta ba zan manta ba, domin kusan komai na jikinta daga shara ya fito. Babanku ya zana siffar da gawayi a kan ƙyauren, yana gwada tsawon da damtsensa, daga kafaɗa zuwa yatsa. Malam Habu ya yanka, ya sassaƙe, ya goge. Da aka ɗaga sai ta yi sakayau. Na tambayi babanku, ita ta gasken kamar me take a nauyi? Sai ya ce, “Kamar Godiya ranar da muka kai ta awon farko a asibiti.” Malam Habu ya yi dariya har da tari, ya ce shi bai taɓa auna aiki da jinjira ba. Ya fafe cikin katakon ta ƙasa, muka fara cusa ƙarfe: guntun rodi daga wani gini, tsofaffin ƙusoshi, da marfin dutsen gugata na gawayi da ya ɓalle. A sa, babanku ya ɗaga ya rufe ido, ya ce gaba ta yi nauyi, a ciro a mayar baya. Haka suka yi ta yi har la'asar, ni ina gefe ina jijjiga ki. A sama aka ɗaure bututun matacciyar tocila a madadin madubin hange, na tsinke zare biyu daga gefen zanena aka gicciya a bakinsa. Igiyar ratayawa kuwa ɗamarar tsohuwar jakata ce ta zuwa coci. A gindinta, ta gefen hagu, Malam Habu ya fafe wani ɗan kwari inda kuncin dama zai kwanta, kamar yadda babanku ya nuna masa. Ku riƙe wannan kwarin a ranku. Daga ƙarshe ya ɗauko ragowar fentin da ya shafa wa ƙofar wata makarantar yara, rawaya shar, ya mulka mata tun daga baki har gindi.

“Yanzu ko makaho ya san ba ta gaske ba ce,” in ji shi. “Wanda ya ji tsoron wannan, ayaba ma za ta kore shi.”

Ladan aikinsa, abin da na iya bayarwa na bayar, sauran ya ce in kawo masa citta in an aiko daga gida.

Tun daga nan kullum da safe kafin ya tafi, da yamma in ya dawo, babanku na kwance a baranda da Rawaya, don sunan da matan gida suka sa mata ke nan. Na ɗiga masa baƙin gawayi a bangon katanga. Nakan ɗora marfin kwalba cike da ruwa a bakinta, ya riƙe yana numfashi a hankali, in ruwan ya zube a sake. Da farko kafin in juya ya zube. A hankali har na kan gama wanke kwanuka ruwan na nan. Damtsensa ya yi ƙarfi, hannunsa ya daina rawa. Na fara barci da daɗi. Amma duk ranar da suka je fili, sai ya dawo da fuska ɗaya.

“Hannuna tsaye yake kamar dutse. Sajan ma ya yaba. Amma harsashin sai ya tafi gefe, kullum gefe guda. Ga wuyana kamar an taka.”

Ni ce mai shafa masa man zafi a wuyan, don haka abin ya tsaya mini a rai. Me ya haɗa riƙon bindiga da ciwon wuya? Wata rana ina share ɗaki na ɗauki Rawaya zan goge ta, sai na lura da fentin. A cikin kwarin da aka fafe don kuncinsa, fenti na nan sabo fil kamar jiya aka shafa. Can sama kuwa, a kan tudun gindin har ya ɗan zarce ɗaya gefen, ya goge har maɗacin ya fito, ya yi baƙi da gumi. Wato ba a inda aka yi masa wuri yake ɗora fuska ba. Da yamma na zauna a bayansa kamar ina tsintar shinkafa, ina kallo. Sai na ga yana fara kwantar da kunci daidai, ya runtse idon hagu yadda aka koya musu, idon dama ya fara ƙyafƙyaftawa yana hawaye. Can sai kansa ya fara hawa, ya tsallaka katakon a hankali, wuya a murɗe, kamar mai leƙen katangar maƙwabta. Shi bai ma san yana yi ba. Na ga abin, amma ban san ma'anarsa ba, kuma na ji nauyin in ce wa soja ga yadda yake riƙe bindiga.

Cikin wannan hali Mama ta iso daga ƙauye, da buhun acca da citta da kaza a kwali. Ta ce ta zo ganin jikarta, amma ranar farko ta fara duba kayan ɗakina tana cewa wannan zai shiga mota, wannan a bar wa yayarki. Kakarku mace ce mai ƙarfin hali, ita kaɗai ta riƙe 'ya'yanta bayan rasuwar kakanku, a lokacin ba ta san wasa ba. Ta ga Rawaya ta ce, “Wannan kuma abin wasan wa?”

Ran Asabar da hantsi na shanya barkono a kan buhu a tsakar gida. Babanku na zaune yana goge takalmin aiki, burushi a hannun dama. Akuyar maƙwabta ta shigo ta nufi shanyar, tana can nesa kusa da ƙofar gida. Kafin in ce kai, ya sunkuya ya ɗauki gwangwanin man takalmi ya wurga. Ƙwal! A kan ƙaho. Akuya ta yi waje tana kuka. Na buɗe baki zan yi dariya, sai muryar Mama ta tsaga gidan.

“Yohanna! Wane hannu ne wannan?”

Babanku, ƙato da shi, ya ɓoye hannun hagu a bayansa kamar yaron da aka kama da nama.

“Mama, kuskure ne. Damar na riƙe da burushi.”

“Kuskure? Duk wahalar da na sha?” Ta juyo gare ni. “Ke ba ki sani ba, wannan da kike gani bahago aka haife shi. Dangin ubansa suka sa ni gaba, wai ɗan Saratu zai miƙa wa manya abu da hagu, wai daga gidanmu na kawo. Na ce ba a gidana ba. Na ɗinke hannun rigarsa na hagu, na ɗaure shi da tsumma a ƙugu, damina guda da rani guda. Ya yi kuka ya gaji. Ga shi nan ya zama mutum.”

Tana faɗa tana alfahari, kuma ni ban ga laifinta ba, haka aka yi wa yara da yawa a garinmu. Amma kaina ya riga ya tafi wani wuri. Na tuna in zai ɗinke maɓallin kakinsa, idon dama yake rufewa ya zura zare. Na tuna in zai duba ko kalanzir ya saura a galan, da wane ido yake leƙawa. Mama ta ɗaure hannu. Ido fa, wa ya ɗaure shi?

Na bari sai da ta tafi gaida wata 'yar garinmu. Na ɗauko ƙwaryar zaren ɗinki, irin mai rami a tsakiya, na miƙa masa.

“Duba mini cikin nan, kamar ƙwaro ya shiga.”

Ya karɓa da dama, ya kai ta idon hagu kai tsaye.

“Ba komai a ciki.”

“Kar ka sauke. Wane ido ne wannan?”

Ya tsaya a haka, ƙwaryar zare a fuska. Na kawo Rawaya na nuna masa inda fenti ya goge da inda bai goge ba. Na ce masa hannunka na dama ne ke riƙe, amma idonka na hagu ne ke gani, kullum suna faɗa a kan katakon nan, wuyanka ne ke rabon faɗan. Ka mayar da ita kafaɗar hagu mu gani.

“Rifkatu, kin san abin da kike faɗa? Jarrabawa ta matso. In fara daga farko? Kuma Mama na gidan nan.”

“Mama ba za ta bi ka daji ba. Ni ma ba za a bar ni in bi ka ba.”

“In na canja na faɗi fa?”

“In ba ka canja ba fa?”

Ya kwanta a baranda, ya juya Rawaya zuwa hagu. Gindin bai zauna ba, don kwarin na ɗaya gefen, katako na cizon kuncinsa. Amma kansa ya kwanta tsaye, wuyan bai murɗe ba. Ya daɗe yana kallon ɗigon gawayin. Da ya ɗago, idonsa ya yi ja.

“Ashe haka sauran suke ganinsa,” ya ce. “Guda ɗaya ne, ba ya rawa.”

Ran Litinin na naɗe Rawaya a tsohon zane, na bar bakinta mai rawaya a waje don kowa ya gani, na koma Rafin Guza da ƙullin cittar Malam Habu. Na ce a fafe ɗaya gefen. Ya kalle ni ta saman tabarau.

“Kun canja soja ne?”

“A'a Baba, shi ne dai. Yanzu muka gano shi.”

Da na dawo Mama na zaune a baranda, ta riga ta ji komai daga bakin ɗanta, don babanku bai iya ɓoye mata abu ba. Ba ta ɗaga murya ba, wanda ya fi ihu ciwo.

“Rifkatu, na ɗauke ki 'ya. Abin da na ɗaure da hawayena, shi kika zo ki kwance?”

Na durƙusa. Na ce Mama, ba raini ba ne, so nake ya zauna kusa da mu, da ke ma. Ta ce in ya faɗi da dama, ƙaddara ce, in ya faɗi da hagu kuwa, ni ce. Daga ranar ta daina cin girkina. Ta sayi 'yar tukunya tana dafa accarta a gefe, in na gaishe ta ta amsa da ka. A ɗaki ɗaya muke kwana. Ku da kuka san kakarku da wasa da dariya ba za ku gane nauyin wannan ba. Kuma gaskiya, har ta koma ga Ubangiji akwai wani ɗan abu tsakanina da ita da bai koma yadda yake ba. Wannan shi ne kuɗin da na biya, ba abin da na ba kafinta ba.

Babanku ya je ya sami Sajan Audu ya faɗa masa. Yadda ya ba ni labari, sajan ya cire hula ya buga a cinya.

“Kai bahago ne ka bar ni ina ta fasa maƙogwaro a kanka? Wa ya ce maka haramun ne? Koma hagu! Kwanson harsashi zai riƙa wucewa ta gaban hancinka, ka saba da shi. Wa ya gano?”

“Matata, oga.”

“To gobe ka turo ta, kai ka zauna da goyo.”

Kar ku ɗauka daga nan komai ya gyaru. Makon farko harbinsa ya fi na da lalacewa. Hannun da aka hana aiki tun yana yaro bai san komai ba, yatsun sun yi tauri, marfin kwalba ya koma zubewa tun kafin in sake shi. Ya dawo daga fili ya ce yau ko allon da suke harbi bai taɓa ba sau biyu. Mama na jin haka ta tashi ta shiga ɗaki. Ni kuwa abinci ya daina shiga, har nonona ya ragu kina ta kuka. Nakan tsaya a bakin famfo in ce, Rifkatu, ke da ko firamare ba ki gama ba, wa ya aike ki? Amma kullum da safe sai in cika marfin in ɗora. Ruwan sama na dukan kwanon rufi, baranda na jiƙewa, yana kwance a kan buhu. A hankali hannun ya fara tunawa. Ban san yadda zan faɗa muku ba sai haka: kamar ba koyo yake ba, tunawa yake. Fentin sabon kwarin ya fara gogewa, daidai tsakiyarsa.

Ranar jarrabawa an tashi da hadari. Ya yi addu'a, ya durƙusa gaban Mama. Ta daɗe ba ta motsa ba, sannan ta ɗora masa hannu a ka. Bayan ya fita na rasa inda zan sa kaina. Na wanke kayan da na wanke jiya. Daga Mando in iska ta juyo akan ji ƙarar fili can ƙasa-ƙasa, kowace ƙara sai na ce ko tasa ce. Mama na ɗaki, na ji tana addu'a da yarenmu, tana kiran sunansa na gida wanda ba mai kiransa da shi sai ita. Azahar ta wuce, ruwa ya sauko ya ɗauke. Sai ga ƙarar babura, ba ɗaya ba, da irin birkin nan da ke tsinka mini zuciya. Na fito da ke a hannu, ƙafata ba takalmi.

Abokansa ne, sun jiƙe sharkaf, sun ɗauko shi a kafaɗa tun daga ƙofar gida suna ihu, “Bahago! Bahago! A ba bahago hanya!” Ban tambayi kowa ba, fuskarsa ta gaya mini. Ba ci kawai ya yi ba, cikin na gaba-gaba ya fito. Matan gidan nan da suka yi masa dariyar wake su suka fara guɗa. Wani ya shiga ɗaki ya fito da Rawaya, suka jera a tsakar gida cikin taɓo suna fareti da ita, suka tsaya a gabana suka sara mini, ni da ɗaurin ƙirji da kumfar sabulu a hannu. Na zauna a kan turmi na yi ta kuka, kina taya ni ba ki san dalili ba. Daga ranar sunan mai bindiga ya bi ni. Da labari ya kai Rafin Guza, Malam Habu ya aiko a gaya wa matar soja ita ma ta zo ya auna mata kujerar oga.

Da yamma, bayan kowa ya watse, na dafa doya da miyar kazar da Mama ta kawo. Na zuba, na ajiye nata a gefe kamar kullum, ban sa rai ba. Sai ta jawo kwanon tsakiya ta wanke hannu. Muka zauna mu uku a tabarma, ke kina kan cinyarta. Can kika miƙa hannu cikin kwano za ki damƙi doya. Godiya, hannun hagu kika miƙa.

Babanku ya daina tauna. Mama ta kama ɗan hannun naki, ta juya shi, ta daɗe tana kallon tafin. Sannan ta sauke shi a hankali a kan cinyarki, ta ɗauki doyar ta sa miki a dama.

“Ci da gaisuwa, da dama,” ta ce, ba ta kalli kowa ba. “Wannan ba zan bari ba ko ina kabari. Sauran aikin duniya kuwa, ta yi da wanda Allah ya ba ta. Rifkatu, miyar nan gishiri ya yi kaɗan.”

Na tashi da gudu na kawo gishirin.

Shi ya sa, Godiya, ranar da malamarku ta aji ɗaya ta aiko a ce in riƙa karɓe fensir daga hagunki, na saka gyale na je makarantar da kaina, ni da ke tsoron ofis. Na ce mata a bar yarinyar nan, kakarta ce ta ba da izini.